Yadda Koguna Suka Raba Ƙasar Nijeriya

Idan aka yi ruwan sama bisa ɗakin jinka, ruwan ba ya bin hanya guda. Wani ya gangara gabas, wani yamma, ƙoƙuwar ɗakin kuwa ita ce ta raba su. To, haka ƙasa take. Tuddai su ne ƙoƙuwa, kwaruruka su ne magangara. Ruwan da ya zuba a gona yakan bi kwazazzabo ya faɗa ƙorama, ƙorama ta kai shi rafi, rafi kuma ya miƙa shi ga kogi. Dukkan ƙasar da ruwanta ke taruwa cikin kogi guda, ita ake kira kwarin wannan kogi.

Babban marabar ruwa a Arewa shi ne tsaunin Jos. Nan abin mamaki yake. Hadari guda zai zubar da ruwa a kansa, amma ruwan ya watse fuska uku. Wanda ya gangara yamma ya zama Kogin Kaduna, ya ratsa garin Kaduna, ya bi ta ƙasar Nufe, ya faɗa Kwara daura da Fategi. Wanda ya yi gabas ya shiga Gongola, ya yi kwana, ya sadu da Binuwai a Numan. Wanda kuwa ya nufi arewa ya bi Kogin Jama'are, ya tasam ma Tafkin Chadi. Watau ɗigo biyu da suka faɗo kusa da juna, ɗaya ya ƙare a teku, ɗaya a bakin hamada.

Kwarin Kwara shi ne mafi girma. Kogin ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, tsawonsa wajen mil 2,600. Gulbin Sakkwato, wanda ya faro kusa da Funtuwa ya haɗu da Rima, shi ma cikinsa yake zuba. A Lakwaja Kwara ke karɓar Binuwai, wanda ya fito daga Kamaru, sa'an nan su tafi tare kudu, su rarrabu hannu-hannu kafin su shiga teku. A Kudu kuma akwai waɗansu koguna, irin su Ogun da Kuros Riba, masu kai ruwansu bakin teku ba tare da sun bi ta Kwara ba.

Kwarin Chadi dabam yake, gama ruwansa ba ya isa teku ko kaɗan. Kogin Kano da Calawa sukan haɗu su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya gamu da Jama'are wajen Gashuwa, daga nan sunansa Yobe har tafki. Kafin ya kai can, rana da yashi sun sha mafi yawansa.

Kogi bai san iyakar lardi ba, bai san ta jiha ba. Saboda haka a 1976 Gwamnati ta kasa ƙasar bisa ga kwaruruka, ta kafa hukumomi goma sha ɗaya don su kula da ruwansu. Dalilin a fili yake: abin da mutanen sama suka yi wa kogi, na ƙasa yake samu. Da aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, manoman Kadawa suka sami ruwan noman rani, suka yi ta shuka alkama da tumatir. Amma can wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar da takan cika fadamu kowace damina ta ragu. Masunta, da manoman shinkafa, da Fulanin da ke kai shanu kiwo can da rani, duk suka ji a jikinsu, alhali da yawa cikinsu ba su taɓa ganin Tiga da ido ba.