Kwas ɗin wata uku da albashin dala: ina gaskiyar take?

Tallar ta cika WhatsApp da Facebook: biya kuɗin rajista, koyi rubuta manhaja ta intanet cikin wata uku, ka fara karɓar dala kana zaune a ɗakinka. Wasu kuma na cewa wahalar banza ce, wai ChatGPT ya riga ya kashe sana'ar. Kowane ɓangare ya riƙo guntun gaskiya, ya yi mata ƙari.

Cewa ana koyon sana'ar ta intanet, wannan babu ja. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, kyauta ne, haka ma freeCodeCamp tun 2014. A Najeriya ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da mutum miliyan uku. Saboda haka duk wanda ya ce sai ta hannunsa za ka ga ƙofar ilimin nan, kasuwarsa kawai yake ci. Abin da malamin kuɗi ke iya sayarwa tsakani da Allah shi ne tsari da sa ido: ya bi abin da ka rubuta layi-layi, ya nuna maka dalilin da shafinka ke buɗewa a kwamfutarka amma ya ƙi a wayar wani. Wannan ya cancanci a biya. Alkawarin aiki kuwa ba hajarsa ba ce, tunda ba shi ke ɗauka ba.

An ga inda irin wannan alkawari ya kai. A 2024 hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta Amurka, CFPB, ta ci tarar makarantar BloomTech, wadda a da ake kira Lambda School, tare da shugabanta Austen Allred. Makarantar ta riƙa tallar cewa har kashi 86 cikin ɗari na ɗalibanta na samun aiki, alhali lissafinta na cikin gida na nuna kusan rabi. A Amurka ke nan, inda kamfanonin da ke biyan dala suke. A nan kusa kuwa, Andela, wadda ta fara a Legas a 2014 da horar da sababbin hannu, ta sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a 2019, tana cewa ƙwararru kamfanonin waje ke nema. Wannan fa shekara uku kafin fitowar ChatGPT.

Wani zai ce to ai masu cewa sana'ar ta mutu sun yi gaskiya ke nan. Rabinta suka faɗa. Irin su ChatGPT da Copilot na iya yin ƙananan ayyukan da a da ake ba ɗan koyo, don haka ƙofar shiga ta ƙara matsewa. Sai dai sukan yi kuskure hankali kwance, har su ambaci umarnin da babu shi sam, kuma dole wani ya karanta, ya gane, ya gyara kafin kuɗin abokan ciniki su bi ta ciki. Wanda ya haddace darasi ya karɓi satifiket ba zai iya wannan ba.

Wata uku na ƙwazo, idan wuta da data sun ba da haɗin kai, na iya ba mutum HTML da CSS da ɗan JavaScript, abin da zai isa ya gina wa mai shagon atamfa shafi a biya shi da naira. Mai tallar da ya yi alkawarin fiye da haka, a tambaye shi mutum nawa suka yi rajista a rukunin baya, nawa suka kammala, kuma a wane kamfani suke aiki yanzu.