Saurin Sauyi a Harshen Ƙawata Shafukan Intanet

Wataƙila wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsoma baki cikin sha'anin kwamfuta. Hujjata ita ce, abin nan da ake kira CSS harshe ne mai nahawu da kalmomi, kuma da shi ake gaya wa burauza, wato manhajar da ke buɗe shafi, launin rubutu da girmansa da inda kowane abu zai zauna. Masu wannan sana'a suna yawan kukan cewa abin da suka koya bara ya tsufa bana. Wannan kuka nake so mu duba.

In muka bi tarihi za mu tarar harshen kansa tafiyar hawainiya yake yi. Håkon Wium Lie ne ya kawo shawarar ƙirƙiro shi a 1994, yana aiki a cibiyar CERN. Ƙungiyar W3C ta amince da matakinsa na farko a 1996, na biyu a 1998, amma gyararren mataki na biyun bai tabbata ba sai 2011. Dalili kuwa shi ne, sabuwar ƙa'ida ba ta da amfani sai kamfanonin burauza sun karɓe ta, kuma ba a cika soke tsohuwa ba, don kada shafukan da aka riga aka rubuta su lalace.

To, ina saurin yake? Yana cikin abin da zan kira shiryayyen zubi, wato tarin ƙa'idoji da wasu suka rubuta suka ajiye domin mai gina shafi ya ɗauka, kamar yadda tela kan sayi yankakken yadi. Shekaru da dama CSS ba shi da hanya madaidaiciya ta raba shafi gida-gida, sai dabaru. Da wayoyin hannu suka yawaita bayan 2007, matsalar ta tsananta, domin shafi ɗaya ne zai shiga ƙaramin allo da babba. A 2011 wasu ma'aikatan Twitter biyu suka fitar da Bootstrap, wanda ya raba faɗin shafi kashi-kashi, jama'a suka yi masa caa. Amma a 2017 manyan burauzoji suka karɓi tsarin Grid cikin harshen kansa, sai babban aikin Bootstrap ya ragu. A shekarar ne kuma Tailwind ya fito, ya mayar da ado cikin jikin rubutun shafi, abin da magabata suka sha wahalar rabawa tun 1996. Ashe su ma masu kwamfuta sukan koma gidan jiya.

Ba kowane sauyi ne yayi kawai ba. A zubi na 5 na Bootstrap, wanda ya fito a 2021, an cire "hagu" da "dama" daga sunayen ƙa'idoji da yawa, aka sa "farko" da "ƙarshe", domin harsunan da ake rubutawa daga dama. Mai son buga ajami a intanet ya ci riba a nan. Sai dai shafin da aka gina da tsofaffin sunaye, ranar da aka ɗora shi kan sabon zubi, tazarar rubutunsa za ta hargitse, sai an bi shi layi-layi.

Nan ne maganar ta shafi ma'aikata. Masu Bootstrap sun daina kula da zubi na 3 a 2019, na 4 kuma a farkon 2023. Saboda haka ma'aikatar da za ta ba da kwangilar gina shafi, ya kamata ta sa a rubuta mata wane zubi aka yi amfani da shi, da wanda zai ɗauki nauyin sabunta shi bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa. Ɗalibai kuwa, a ganina, su fara da CSS tsantsa, tun da ƙa'idar launi da aka rubuta a 1996 har yau burauza tana karanta ta.