Dangantakar Gazawar Ɓargo da Cutar Kumburin Hanji

Ɓargo, wanda ke cikin ƙashi, shi ne masana'antar jini. A kowace daƙiƙa yana samar da jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2, ban da farare masu tsaron jiki da ƙanana masu tsayar da zubar jini. Idan ya gaza, mutum yakan yi fama da kasala, da yawan kamuwa da cuta, da zubar jini.

Ita kuwa cutar kumburin hanji tana aukuwa ne sa'ad da garkuwar jiki ta juya kan bangon hanji, har ya yi gyambo. Alamunta sun haɗa da ciwon ciki, da gudawa mai jini, da rama. Sanannen nau'inta shi ne cutar Kuron, wadda wani likitan birnin Niyok mai wannan suna da abokan aikinsa suka bayyana a 1932.

Me ya haɗa ƙashi da hanji? Abubuwa uku ne.

Na farko, duka biyun suna sabunta ƙwayoyinsu da sauri. Shimfiɗar hanji tana sauyawa cikin kwana 3 zuwa 5. Akwai cutar gado da ke gajarta telomiya, wato murfin da ke kare bakin zaren gado. Ƙwayoyin mai ita sukan daina rabuwa da wuri, sai ɓargo ya raunana, hanji ma ya iya yin gyambo.

Na biyu, masu gadin hanji 'ya'yan ɓargo ne. A 2009 masu bincike a Turai suka gano yara masu kumburin hanji tun suna jarirai, saboda ƙwayoyin garkuwarsu ba sa karɓar saƙon sinadarin IL-10, mai kwantar da kumburi. Da aka yi wa ɗayansu dashen ɓargo, hanjinsa ya lafa.

Na uku, magani kansa. Azatiyofirin, wanda ake bai wa masu cutar, yana rage rabuwar ƙwayoyi. Kusan mutum 1 cikin 300 ba shi da sinadarin TPMT mai rage ƙarfin maganin, don haka yakan iya durƙusar da ɓargonsa.

Saboda haka likita kan auna jinin majinyacin a kai a kai. Idan ƙwayoyin sun ragu, wajibi ne a tantance tushen matsalar: na magani ana dakatar da shi, na gado kuwa kan buƙaci dashen ɓargo.