Araha Ba Ta Ado, Amma Tana Gyara Rediyo: Raddi Kan Na'urar Sigina Mai Rahusa

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin da yawa daga cikin manyanmu a sana'ar gyaran rediyo da amfilifaya, har da wasu malaman kwalejojin fasaha. Idan yaro ya zo da shawarar sayen ƙaramar na'urar samar da sigina, irin waɗanda ake ƙerawa a ƙasar Sin ana sayar da su kusan dala 100, sai a ce masa ya adana kuɗinsa. A ce kayan wasan yara ne, ba a dogara da awonsa, wanda kuma ya ce zai kwance ta ya yi mata gyare-gyare asarar dalma da lokaci kawai zai yi. Ko dai ya jira ranar da zai iya sayen ta gaske, mai cin dubban daloli, ko ya haƙura. Daga nan sai a rufe zancen da cewa araha ba ta ado.

Masu wannan magana ba daga sama suka tsinto ta ba. Sun ga mitar da ke nuna bolt 12 a inda babu ko 10, sun ga cajar da ta ƙona wayar mutum a dare ɗaya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya ja da baya. Ina girmama su, kuma mafi yawan abin da ƴan baya suka sani daga hannunsu aka same shi. Amma a kan wannan na'ura ina neman izini in saɓa musu, domin shawarar tana hana matasa wani ilimi da ba sa samunsa ta wata hanya.

Aikin na'urar kansa mai sauƙin fahimta ne. Mita tana auna abin da ke cikin waya, ita kuwa wannan tana zuba wa waya abin da ka riga ka sani: sigina mai bugu kaza a daƙiƙa ɗaya, mai ƙarfi kaza, mai siffa kaza. A ɗauki amfilifayar masallaci da aka kawo shago an ce murya na fita a shaƙe. Mai gyaran da ba shi da na'urar zai jona makirfo ya yi ta cewa "halo, halo", yana sauraro da kunne, yana canza kayan da yake zargi ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da ita zai saita bugu 1,000 a daƙiƙa, wato kilohaz 1, ya shigar ta bakin makirfo, ya bi siginar mataki-mataki a kan fanel har ya iso daidai inda ta raunana ko ta karkace. Nan cutar take. Idan ya gama, ya cire lasifika ya sa rezista mai om 8 a madadinta, ya ƙara murya har gab da inda siginar za ta fara yankewa, ya auna. In ya sami bolt 20, lissafi ya ce wat 50 ke fita, ko da kuwa an rubuta 1,000 da manyan baƙaƙe a jikin akwatin. Wannan aiki ba ya bukatar na'urar dubban daloli, ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a wannan muhawara shi ne tarihin kamfanin da su kansu manyan namu ke kafa hujja da sunansa. Hewlett-Packard, wanda sashensa na kayan awo ya koma Agilent a 1999, daga baya ya zama Keysight a 2014, da na'urar sigina mai araha ya fara. A 1939 Bill Hewlett da David Packard suna aiki a wani gareji a Palo Alto, jihar Kaliforniya ta Amurka, da jarin dala 538. Kayansu na farko shi ne HP 200A, na'urar samar da siginar sauti, suka sa mata farashin dala 54.40, alhali makamantanta a kasuwa sun ninka haka sau da yawa. Sirrin arahar dabara ce: Hewlett ya ɗauki tsarin gadar da Max Wien ya fito da shi tun 1891, ya sa ƙaramin ƙwan fitila a ciki. Idan sigina ta yi ƙarfi, zaren ƙwan ya yi zafi, turjiyarsa ta ƙaru, sai ya rage ƙarfin da kansa. Idan ta yi rauni ya huce ya sake ta. Ƙwan fitila na kwabo ya yi aikin da wasu ke kashe maƙudan kuɗi a kansa. Kamfanin Walt Disney, lokacin da yake shirya fim ɗin Fantasia da ya fito a 1940, ya nemi a yi wa na'urar ƴan sauye-sauye, ya sayi guda 8 na sabon samfurin, 200B, a kan dala 71.50 kowace. Araha da gyare-gyare, abubuwa biyun da ake hana yaranmu, su ne tubalin farko na wannan babban gida.

Za a ce ai wancan zamani daban, kuma waɗancan injiniyoyi ne da suka yi karatu a Stanford. Haka ne. To mu duba cikin ta yau. Yawancin masu arahar nan suna aiki da dabarar haɗa sigina da lissafi, wadda Tierney da Rader da Gold suka bayyana a 1971. Akwai kiristal mai bugawa daidai wa daida, akwai ma'ajin lamba da ake ƙara wa wani adadi a kowane bugu, akwai jadawalin siffar igiya da ake dubawa, sai wani aisi (IC) ya mayar da lambar zuwa wuta. Babu kwayil da za a murɗa, balle ya zame don rana ta take. Aisi ƙarami kamar AD9833 na kamfanin Analog Devices, da kiristal mai megahaz 25, yana iya matsawa da kashi ɗaya cikin goma na haz. Samfurin FY6600 na kamfanin FeelTech, wanda ya yi fice a wannan aji, yana da mafita biyu, yana lissafa maki miliyan 250 a daƙiƙa, babbansa yana kaiwa megahaz 60. Ko a manyan na'urori wannan dabarar ce a ciki. Bambancin yana wajen tsabtar wuta, da tacewa, da ingancin kiristal, da takardar shaidar awo.

A nan ya kamata a yi lissafi maimakon a yi ta jayayya. A ce kiristal ɗin na'urar ya kauce da kashi 20 cikin miliyan, abin da ba baƙo ba ne a kiristal na gama-gari. Mai saita rediyon matsakaicin zango yana bukatar kilohaz 455 don daidaita matakin tsakiya. Kaucewar a nan ba ta kai haz 10 ba, a kan hanya mai faɗin dubban haz. Rediyon ba zai ma san an yi ba. A megahaz 10.7 na rediyon FM kaucewar ta haura haz 200 kaɗan, hanyar kuma ta fi kilohaz 100 faɗi. Tsofaffin na'urorin da iyayenmu a sana'a suka yi aiki da su, masu allura da zare da ake juyawa da hannu, ba su taɓa kusantar wannan daidaito ba, kuma da su aka gyara rediyoyin da duk Arewa ta saurari labarai.

Amma ba zan ɓoye inda manyanmu suke da gaskiya ba, domin akwai aibi na gaske, kuma ɗaya daga ciki yana iya yin ɓarna. Da yawa daga waɗannan na'urori suna zuwa da ƙaramin fanel na wuta irin na caja, da filogi mai baki biyu, babu wayar ƙasa. A cikin irin wannan fanel akwai kwandensa da ke haɗa ɓangaren wutar gida da ɓangaren na'ura don rage hayaniya. Sakamakon haka, in ka ɗora mita tsakanin ƙarfen bakin mafita da ƙasa, za ka iya ganin kusan rabin wutar gida, wato wajen bolt 110 a inda ake da 230. Abin da ke gudana kaɗan ne, bai wuce ya ɗan tsikari bayan hannu ba, amma ya isa ya kashe aisi ko taransisto mai laushi a cikin kayan mai kaya. An san FY6600 da wannan, shi ya sa samfurin da ya biyo baya, FY6800, ya zo da soket mai baki uku.

Wannan aibin shi ne hujjar masu cewa a guje ta, ni kuma a nan nake ganin dalilin buɗe ta. Gyara na farko shi ne a sa mata soket mai baki uku a haɗa wayar ƙasa. Sai dai a garuruwanmu wannan bai wadatar ba, domin shaguna da gidaje da yawa bakin soket na uku ado ne kawai, babu wayar da ta tafi ƙasa, balle in janareto ake amfani da shi. Gyaran da ya dace da mu shi ne a cire fanel ɗin wutar gaba ɗaya, a gina wani da taransifoma ta ƙarfe, da dayod, da kwandensa, da aisin daidaita wuta irin su 7805 da 7812 da 7912. Duk kayan nan ana samun su a kasuwar Sabon Gari ta Kano da takwarorinta, ko a cire daga mataccen rediyo. Na'urar za ta ƙara nauyi, ta ƙara ɗumi har a bukaci huda akwatin a sa ƙaramar fanka, amma tsikarin zai ɓace, siginar kuma ta ƙara tsabta. Yaron da ya yi wannan aiki da hannunsa ya fahimci wutar lantarki fiye da wanda ya haddace babi uku.

Sauran gyare-gyaren na mai bukata ne. Wasu na cire aisin da ke ƙarfafa mafita, THS3002, su sa THS3091 ko THS3491, saboda na asalin yana gajiya idan aka nemi sigina mai ƙarfi a bugu mai yawa. Wasu na sauya kiristal mai megahaz 50 da irin wanda ke gyara kansa idan zafi ya canza, kaucewar ta sauko zuwa kusan kashi 1 cikin miliyan. Mai gyaran amfilifaya ba ya bukatar ko ɗaya.

Gyaran da kowa ke bukata, kuma ban cika jin ana ambatonsa ba, a wajen akwatin yake. Mafi ƙarancin abin da na'urar ke fitarwa ya yi wa kunnen rediyo yawa, domin rediyo yana jin siginar da ta fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Maganin rezista uku ne: om 61 daga shiga zuwa ƙasa, om 247 a tsakiya, wani om 61 daga fita zuwa ƙasa, ko mafi kusa da su da aka samu. Wannan yana rage siginar sau goma. A jera irin wannan haɗi uku a jere, an rage ta sau dubu. A liƙe su a cikin wankakken gwangwanin kifi, a gajarta ƙafafunsu iya yiwuwa, a rufe bakin da dalma don kada sigina ta tsallake ta iska. Sai a ƙara kwandensa a bakin wayar gwaji, domin idan aka taɓa wurin da ke da wuta a cikin amfilifaya kada ta dawo ta ƙona mafitar na'urar.

Akwai kuma zargin da ake yi mata bisa rashin sani. Mutum ya saita bolt 2, ya jona, ya auna ya ga bolt 1, ya ce ga ƙaryar kayan araha nan. Mafitar tana da turjiyar om 50 a cikinta da gangan; idan abin da ka jona shi ma om 50 ne, wutar ta rabu biyu. Na'ura mafi tsada a duniya haka take yi.

Ban ce ta isa ko'ina ba. Siginarta mai kusurwa tana ɗan rawa a gefe, kimanin kashi 4 cikin biliyan na daƙiƙa, kuma wannan daga tsarin lissafin yake, dalma ba ta gyara shi. Ƙarfinta yana raguwa idan aka kusanci ƙarshen megahaz ɗinta. Ba ta zuwa da takardar da ke danganta awonta da ma'aunin hukuma. Saboda haka wanda ke kula da kayan asibiti, ko na'urar watsa shirye-shiryen gidan rediyo, ko kayan sadarwar filin jirgin sama, kada ya kusance ta da sunan aiki. Rayuka da lasisi sun fi ƙarfin rangwame. A waɗannan wurare maganar manyanmu ita ce daidai, babu ragi. Kuskuren shi ne ɗauko hukuncin ɗakin gwaji a ɗora wa teburin ɗalibi da rumfar mai gyara, waɗanda in ba su sayi mai arahar ba, to babu wata da za su saya, sai dai su ci gaba da aiki da kunne da zato.

Roƙona ga iyayenmu a sana'a, Allah ya ƙara musu lafiya, shi ne idan almajiri ya zo da wannan shawara a bar shi ya saya, kuma ranar da zai kwance akwatin a zauna kusa da shi. A tabbatar ya zare filogi daga bango. A nuna masa babban kwandensan da ke kan fanel ɗin wuta, a gaya masa cewa yana iya riƙe bolt 325 bayan an kashe na'urar, a sa shi ya sauke wutar ta cikin rezista, ya auna da mita ya ga ta sauka, kafin yatsansa ya taɓa komai.