Akropong da Wa: Inda Makafin Yaranmu Ke Karatu da Yatsu

Wata ɗalibata a aji shida ta riƙa makara kullum. Da na matsa mata, sai ta ce, "Malam, ƙanena nake kai wa bakin masallaci kafin in taho." Yaron shekararsa takwas, makaho ne tun yana goye. A can yake wuni da ƙoƙo a gabansa. Da na je gidansu, uwar ta ce da ni, "To Malam, in ba haka ba ya za mu yi da shi? Wace makaranta za ta karɓe shi?"

Akwai wadda za ta karɓe shi. A garin Akropong, kan tsaunukan Akuapem, ba nisa da Akra, akwai makarantar makafi ta kwana wadda aka buɗe tun tsakiyar shekarun 1940. Ta biyu tana Wa, an buɗe ta a 1958. 'Yan mishan ne suka fara su, amma yau duk biyun suna ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, gwamnati ce ke biyan malamai, ita ke ɗaukar nauyin ci da kwana.

Abin da yaro ke fara koya shi ne Birel, rubutun da Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro. Kowane harafi ana haɗa shi ne daga ɗigo shida masu tudu. Yaro na huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, kamar mai rubutun allo, sannan ya juya ta ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Ana koya masa tafiya da farar sanda, wanki, gyaran gado, sana'ar hannu, da kwamfuta mai karanta rubutu da murya. Darussan kuwa iri ɗaya ne da na sauran yara, kuma jarrabawar BECE ɗaya suke zaunawa. Wanda ya ci yana wucewa sakandare irin su Okuapemman ko Wenchi Methodist, inda yake zama aji ɗaya da masu gani.

Kada a ce tatsuniya ce. A 2013 Shugaba John Mahama ya naɗa Dakta Henry Seidu Daanaa, lauya makaho, ministan harkokin sarauta. Wasu sarakuna sun yi ƙorafi, amma ya riƙe kujerar.

Tsoron iyaye a zango ba na banza ba ne. Makarantu biyu sun yi wa ƙasa guda kaɗan, hanya da nisa, takardar Birel da na'urar buga ta da tsada. Sai babban abin da ba a cika faɗa a fili ba: "Kada a canza mini addinin yaro." Maganin wannan yana hannunmu. A je a ga shugaban makarantar, a yi maganar salla da azumi tun ranar farko, a riƙa ziyara. Akwai Alƙur'ani da aka buga da Birel na Larabci. Kuɗin da muke zubawa a ƙoƙon bara, in masallatan unguwa suka haɗa shi, zai saya. Mu tuna Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, kuma ladanin Manzon Allah (SAW) ne a Madina.

Doka ma tana bayan yaron. Dokar naƙasassu ta 2006 ta wajabta wa iyaye su sa shi a makaranta. Matakin farko shi ne ofishin ilimi na gunduma, a nemi jami'in ilimi na musamman, ko a tuntuɓi ƙungiyar makafi ta Gana. A yi da wuri, don yatsa ya fi saurin kama Birel tun yaro na ƙarami.

Ƙanen ɗalibata dai ya tafi bara. Da ya zo hutu, ya ɗora yatsan uwarsa a kan takarda ya nuna mata sunanta. 'Yar'uwarsa kuma ta daina makara.