Paul Nurse: Masanin Da Ya Bi Ta Kan Yis Ya Kai Ga Shugabancin Binciken Cutar Daji

A shekarar 1996 aka naɗa Paul Nurse babban daraktan Imperial Cancer Research Fund, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin binciken cutar daji a Birtaniya. Ba likita ba ne, kuma bai taɓa duba mai sankara a gadon asibiti ba. Abin da ya ɓatar da ƙuruciyarsa yana leƙe a madubin bincike shi ne yis, ɗan'uwan wanda masu gidan burodi ke zubawa a kwaɓi don ya kumbura. To, me ya haɗa yis da cutar daji?

Jikin ɗan Adam tarin ƙwayoyin halitta ne. Kowace tana girma, ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, sannan ta rabu gida biyu. Da haka jariri ke girma, da haka rauni ke warkewa. Cutar daji tana tasowa ne idan wata ƙwaya ta daina jin linzami, ta yi ta rabuwa ba tsayawa har ta zama ƙari. Saboda haka mai son fahimtar cutar dole ya fara sanin abin da ke ba lafiyayyar ƙwaya izinin rabuwa. A farkon shekarun 1970 ba wanda ya san wannan.

An haifi Nurse a 1949, ya tashi a unguwar Wembley ta Landan a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Sau shida yana faɗuwa jarrabawar Faransanci, wadda jami'o'i ke buƙata a lokacin, har ya koma ma'aikacin ɗakin gwaji a kamfanin Guinness kafin Jami'ar Birmingham ta ɗauke shi. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar East Anglia a 1973, daga nan ya tafi Edinburgh.

A can ya zaɓi wani nau'in yis da ake kira pombe. Kalmar ta Sawahili ce, ma'anarta giya, domin daga giyar gero ta Gabashin Afirka aka fara tace shi. Amfaninsa a fili yake: ba shi da tsada, yana rabuwa cikin 'yan sa'o'i, kuma siffarsa kamar guntun sanda ce, don haka tsawonsa kaɗai ya isa ya nuna inda ya kai a girma. Nurse ya lura da wasu ƙwayoyi masu tawaya da ke rabuwa tun ba su kai cikakken tsawo ba. Nan hikimar take. Ƙwayar da ta kasa rabuwa tana iya samun matsala ta fuska ɗari, amma wadda ta yi gaggawar rabuwa, lallai abin da ke ƙayyade mata lokaci ne ya taɓu. Da ya bi diddigi sai ya isa ga wata ƙwayar gado mai suna cdc2. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, farantin gwajin da ya kai shi gare ta ya gurɓata har ya jefa shi kwandon shara, daga baya hankalinsa bai kwanta ba, ya koma ya ɗauko.

Lokacin da ya shiga cibiyar binciken cutar daji a 1984, ba kowa ne ya ga dalilin kashe kuɗin masu sankara a kan yis ba, kuma shakkar tasu ba ta rasa hujja ba. Amsa ta zo a 1987. Shi da abokiyar aikinsa Melanie Lee sun ɗauki yis ɗin da cdc2 ɗinsa ta lalace, suka zuba masa ƙwayoyin gadon ɗan Adam iri-iri. Wasu suka farfaɗo suka ci gaba da rabuwa. Wato akwai ƙwayar gado a jikin mutum da za ta iya tsayawa a gurbin ta yis ta yi aikinta daidai. Furotin ɗin da take samarwa shi ake kira CDK1 a yau. Wannan aiki ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 2001, tare da Tim Hunt da Leland Hartwell. Shi ma Hartwell masanin yis ne, kuma a lokacin yana shugabantar cibiyar binciken cutar daji ta Fred Hutchinson a birnin Seattle na Amurka.

Shugabanci kuwa wani aiki ne dabam. A zamaninsa aka haɗe cibiyarsa da kishiyarta, Cancer Research Campaign, suka zama Cancer Research UK a 2002, shi ne kuma ya fara jan ragamarta. Kuɗin ƙungiyar daga gudummawar jama'a yake fitowa, har da wasiyyar mamata da cinikin shagunan gwanjo. Wanda ke riƙe da irin wannan amana kullum yana tsakanin buƙatu biyu: majinyacin da ke jiran magani yau, da mai binciken da ba zai iya yin alkawarin ranar da aikinsa zai yi amfani ba. Nurse ya tsaya a kan cewa ba a yanke wa na biyun abinci, kuma da wannan ra'ayi ya jagoranci Cibiyar Francis Crick da aka buɗe gininta a Landan a 2016.

Jiran yana da tsawo. Sai a 2015, shekara 28 bayan gwajin Lee da Nurse, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da palbociclib, maganin da ke toshe CDK4 da CDK6, dangin CDK1, ga masu wani nau'in sankarar mama da ta bazu a jiki. Wasu masanan ne suka haɗa shi, ba Nurse ba. Ba ya kawar da cutar, yana dai jinkirta yaɗuwarta, kuma tsadarsa ta sa har yanzu ya fi ƙarfin yawancin mata masu cutar a ƙasashe masu tasowa.