Katsina: Yadda adon tsohon birni ya dogara da karkara

Akasarin mutanen da ke tasowa daga Kafur, ko Malumfashi, ko Funtua zuwa birnin Katsina, wani uzuri ne ke kai su: ofis, ko asibiti, ko kasuwa. Kaɗan ne ke tsayawa su dubi tsohon birnin da kansa.

To amma wanda ya tsaya ya duba, zai tarar cewa yawancin abubuwan da Katsina ke alfahari da su, tun daga yaɓen bango har zuwa abin da ke cikin tukunya, da albarkatun karkara irin tasu aka yi su. Kuma yayin da waɗannan albarkatu da masu sanin aikinsu ke raguwa, kayan tarihin birnin ma na fuskantar barazana.

Hasumiya da ganuwa

Ginin da ya fi kowanne suna a birnin dai shi ne Hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 15, kuma da ƙasa aka gina ta.

Ana danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka a matsayin Sarkin Katsina Musulmi na farko. Hasumiyar wani ɓangare ce ta babban masallacin da ya zama cibiyar karatu, a birnin da Shehu Al-Maghili ya ziyarta a ƙarshen ƙarni na 15, wanda kuma daga baya ya fitar da malamai irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina.

Masallacin ya daɗe da rushewa. Hasumiyar kuwa an yi mata babban gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944.

Fadar sarki, wadda har yanzu ake kira Gidan Korau, na nan a Ƙofar Soro. A can ne ake ajiye takobin nan mai suna Gajere, ɗaya daga cikin tsofaffin kayan sarautar Katsina.

Ganuwa ce ta fi jin jiki. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya isa Katsina a shekarar 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, ko da yake ya ce mazauna birnin ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba, saboda yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun karkatar da fatauci zuwa Kano.

A yau gidaje da tituna sun cinye mafi yawan ganuwar. Abin da ya rage shi ne 'yan guntaye nan da can, sai kuma sunayen ƙofofi, kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, da kuma Ƙofar 'Yanɗaka, wadda ta nan ne Lugga ya shiga birnin a 1903.

Sirrin ginin ƙasa

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya a manta da shi. Yana rayuwa ne gwargwadon yadda ake kula da shi bayan kowace damina.

Magina na fara aiki ne da tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Ana yin bango da kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa sama. Wannan kauri shi ke sa ɗaki ya yi sanyi da rana a lokacin bazara, ya kuma riƙe ɗumi da dare a lokacin hunturu.

Rufin kuwa da azara ake yi, wato itacen giginya da aka faskara, wanda gara ba ta cika cin sa ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, inda ake ɗaure azara ɗaya bisa ɗaya tana lanƙwasowa daga bango har ta haɗu a tsakiya. Da wannan dabara ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Sai kuma batun kare bango daga ruwa. A nan ne makuba ke shigowa, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofin marina, da gashin da majema ke cirewa daga fata, da kuma dafara.

Wato ke nan, kafin soro guda ya tsaya da zankwayensa da indararonsa, sai an haɗa hannun manomi da marini da majemi da mai saran giginya.

Gudummawar Katsina Laka

Wannan alaƙa ta birni da karkara tsohuwa ce. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta samu tsakanin 1400 da 1883, wanda aka buga a 1981, ya nuna muhimmancin yankin kudu da ake kira Katsina Laka ga tattalin arzikin masarautar.

Garuruwa irin su Maska, da ke kusa da Funtua, da Gozaki, da ke cikin ƙaramar hukumar Kafur a yanzu, sun shahara da noman auduga da sana'ar tufafi tun kafin zuwan Turawa. Ƙasar yankin ta fi ta arewa ƙarfi, ruwan sama ma ya fi yawa, don haka hatsi da auduga suka riƙa kwarara daga can zuwa kasuwannin arewa.

Har yanzu sarautun yankin na tuna wannan dangantaka. Hakimin Malumfashi shi ne Galadiman Katsina, na Funtua kuma Sarkin Maska.

Sai dai kuma sana'o'in da ke ciyar da ginin gargajiya sun ja baya. Marinai da yawa sun rufe, saboda haka katsi ya yi wuya. Ana sare ɗorawa domin itacen girki da gawayi, ita kuwa giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta yi ƙwarin da za a yi azara da ita.

Wasu masu gidaje kan shafe bangon ƙasa da siminti da nufin hutawa da yaɓe. To amma siminti ba ya barin danshi ya fita, kuma idan ya tsage ruwa ya shiga ta bayansa, ƙasar na narkewa a ɓoye har ranar da ɓangaren bangon zai zube gaba ɗaya.

Jeren ɗaki da tsofaffin kaya

Idan adon waje aikin maza ne, to na cikin ɗaki a hannun mata yake. Jeren ɗakin amarya kuwa tamkar kundin tarihi ne ga wanda ya iya karanta shi.

A da can, ƙorai masu zane da faya-fayai da akusa ake jerawa, tare da tasoshin jan ƙarfe ga masu hali. Bayan zuwan kayan Turai, sai kwanonin sha da langa da samira suka karɓe bango, ana jera su sahu-sahu kusa da gado mai rumfa. Daga baya tangaran ya zo, aka koma jera shi a cikin kabad mai gilashi.

Jere ba ado ba ne kawai. Dukiyar mace ce ta kanta, wadda take iya sayar da wani abu daga ciki idan buƙata ta taso, ko ta ajiye wa 'yarta.

Katsina ba ta da jerin kantunan sayar da kayan tarihi irin waɗanda masu yawon buɗe ido ke zuwa nema a biranen Turai. Tsofaffin kaya na canza hannu ne ta wajen dillalai mata da ke shiga gida-gida, da 'yan koli, da kuma lokacin rabon gado. Masu neman irin waɗannan kaya da yawa kan nufi Kasuwar Kurmi a Kano.

Haɗarin da ke nan shi ne, tasar da ta shekara ɗari a gida na iya ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, a auna ta a sikeli a narkar. Wasu kayan kuma, musamman rubutattun littattafan malamai, kan tsallaka iyaka ba tare da an san inda suka nufa ba.

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta haramta fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba. Hukumar ce ke riƙe da gidan tarihin Katsina, wanda ke cikin ginin ƙasa na tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga bisani ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa.

Tonon da aka yi a kaburburan Durɓi Ta Kusheyi da ke yankin Mani, a 1907 da kuma 1992, ya nuna darajar irin waɗannan kaya. An samu kayan ƙarfe da wuri da duwatsun ado, waɗanda suka tabbatar da cewa ƙasar Katsina ta yi hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Abin da ke cikin tukunya

A fannin abinci ne al'ada ta fi riƙe ƙarfinta. Fura da nono, da tuwon dawa ko na masara da miyar kuka, da dambu, da waina, da ɗanwake, da kilishi, duk suna nan a gidaje da bakin titi. Alkaki da nakiya da dubulan kuma ba sa rabuwa da garar amarya.

A nan ma ɗorawa ta sake bayyana. Itaciyar da ɓawonta ke ba da makuba, ita ce 'ya'yanta, wato kalwa, ke zama daddawar miya. Duk ɗorawar da aka sare a gona, asarar ta shafi magini da mai girki a lokaci guda.

Masara da dawar da ake tuƙawa a birni kuwa, da yawansu daga gonakin kudancin jihar suke fitowa, yankin da hare-haren 'yan bindiga suka hana manoma da dama zuwa gonakinsu a shekarun baya-bayan nan.

Darasi daga maƙwabta

Akwai biranen da suka nuna cewa ginin ƙasa na iya ɗorewa. A Djenne ta ƙasar Mali, jama'ar gari ne ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu. A Jamhuriyar Nijar kuma, hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, tare da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27.

Abin da ya riƙe waɗannan gine-gine shi ne, akwai magina da suka gaji aikin, akwai kayan aikin a kusa, akwai kuma al'ummar da ta ɗauki gyaran a matsayin nauyinta.

Tun bayan da Katsina ta zama hedikwatar jiha a 1987, birnin ke ta faɗaɗa da gine-ginen siminti. Ko Gobarau da sauran sorayen da suka rage za su kai ga jikoki, ya danganta ne da samun matasan da za su koyi ɗaurin azara daga tsofaffin magina, da kuma barin ɗorawa da giginya su ci gaba da tsayawa a gonakin Kafur da maƙwabtanta.